Makiyayi da manomi a Kansas ta 1874: ina marubucin ya dace, ina ya yi tuntuɓe?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Littafin wannan watan ya tayar da ƙura tun ba a kai rabinsa ba, shi ya sa na ware masa zaure. Ga wanda bai karanta ba: maza biyu ne a Amurka ta 1874. Ɗaya ɗan Teksas ne mai kora shanu zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a jihar Kansas, ɗayan tsohon sojan ɓangaren Arewa ne a yaƙin basasar Amurka, wanda ya kama gona a dajin Kansas shi kaɗai. An harbi makiyayin a ciki, abokan tafiyarsa suka ajiye shi gidan manomin, jinya ta zama shaƙuwa, shaƙuwa ta zama soyayya. Tambayata ɗaya ce: labarin ya zauna daidai a zamaninsa, ko mutanen yau ne aka sa wa malafa da takalmin hawa? A yi muhawara, ban da zagi.

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam. Hajiya, da girmamawa, hukuncin wannan al'amari a addininmu ba ɓoyayye ba ne. Ban ga abin da ya kai mu ga zaɓen littafin ba.

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, ba fatawa muka zo bayarwa ba, ba kuma sauya ta muka zo yi ba. Ƙuri'a ce ta zaɓe shi, kamar yadda ta zaɓi na 'yan fashin teku a baya. Aikin marubuci muke aunawa da tarihin da ya jingina da shi. Wanda ransa bai kwanta ba yana iya jiran na watan gobe, ba a ga laifinsa ba.

Malam Isiyaku: To, na ji. Ina nan ina saurare, matsayina dai na faɗa.

Buba Mai Shanu: Ni ta wajen shanu zan shigo, don nan ne marubucin ya fara zamewa. A 1874 ba mai kai garke Abilene. Wani dillalin shanu, Joseph McCoy, ya buɗe kasuwar a 1867, shekarar aka kai shanu wajen dubu 35, amma a farkon 1872 manoman yankin suka fitar da sanarwa cewa 'yan Teksas su nemi wani gari. Ciniki ya koma Ellsworth da Wichita, daga baya Dodge City. Dalilin korar kuwa shi ne abin da ya fi kyau da labarin, marubucin ya bar shi a ƙasa. Shanun Teksas suna ɗauke da kaska mai sa zazzaɓi. Su ba ta kayar da su, amma duk saniyar gida da ta yi kiwo a inda suka bi, cikin 'yan makonni sai fitsarin jini, sai mutuwa. Lokacin ba a san kaska ce ba, sai a 1893 wani masanin cututtuka, Theobald Smith, ya tabbatar. Abin da manomi ya sani kawai shi ne in garken Teksas ya ratsa, shuka ta tafi, saniyar tatsa ta tafi. Ke nan ranar da aka shigo da makiyayin nan gidan manomin, abokin gaba aka kawo masa. A littafin kuwa sai ka ce baƙon da aka daɗe ana jira.

Anti Laure: Gaskiya wannan ya fi abin da aka rubuta daɗi. Babin farko ba gaba ko kaɗan, kallo ɗaya zuciya ta buga. Ni ma sai da na ce an yi sauri.

Buba Mai Shanu: Anti, bari ki ji na biyu. Akwai babin tuna baya da makiyayin ya kwana bakin kogi da wani abokin aikinsa, su biyu rak, har gari ya waye. Wanda ya san tsarin ayarin shanu ba zai rubuta haka ba. Garke ɗaya shanu dubu 2 da ɗari 5 zuwa dubu 3 ne, mutum goma zuwa sha biyu. Akwai madugu, akwai kuku da amalanken abinci, akwai yaron dawaki, tunda kowane mutum yana da dawaki shida ko fiye da yake sauyawa. Biyu a goshin garke, wasu a gefe da gefe, sababbin shiga a baya suna shan ƙura. Tafiyar yini kilomita 16 zuwa 24, ba a wuce haka don kada shanu su rame kafin kasuwa, ana kiwo ana tafiya wata biyu zuwa uku. Da dare an raba gadi, galibi awa biyu-biyu, mutum biyu suna zagaya garken, wannan ta dama wancan ta hagu, suna waƙa a hankali don kada shanu su firgita. Sauran suna kwance kusa da amalanke, kowa da dokinsa ɗaure da sirdi. In mutum biyu suka ɓace, na farko wanda zai karɓe su gadi zai neme su, na biyu kuku ya gani, shi da yake tashi tun kafin asuba. In kuma tsawa ta yi garke ya fashe da gudu, kowa ake buƙata a bi na gaba a karkata su har su riƙa zagaye su tsaya. Rashin mutum biyu a daren nan kora ce daga aiki, albashin dala 25 zuwa 40 a wata ya tafi. Kan burtali ba sirri. Abin da zai yiwu shi ne ƙananan abubuwa: wani ya karɓi gadin wani, ya ajiye masa kofi, ya ba shi dokinsa mafi lafiya ranar ƙetare kogi.

Dakta Rabi: Ni harbin ne ya hana ni sakewa. Harsashi ya shiga ciki, an kwarara giya a raunin, an tono dalma da wuƙa, bayan mako biyu mutum yana faskare. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, wanda harsashi ya huda masa ciki kusan tara cikin goma ba su tashi ba, ga likitocin soja a kansu. Hanji ne yake fashewa, ƙazanta ta zuba cikin ciki, zazzaɓi ya rufe mutum, ciki ya ƙame kamar allo, kwana biyu ko uku a yi jana'iza. Tono harsashi kuma ƙara ɓarna yake. Lister, likitan tiyata na Birtaniya, ya wallafa hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta a 1867, amma likitocin Amurka sun daɗe ba su karɓa ba. Shugaba Garfield da kansa, da aka harbe shi a 1881, da yatsu marasa wanki aka riƙa laluben rauninsa, ya yi jinya fiye da wata biyu ya rasu.

Da marubucin ya nemi shawara, karaya ce maganinsa. Doki ya faɗi da mutum, ko ƙafa ta maƙale a likkafa ya ja shi, wannan ya fi harbi yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa ma takalmansu suke da dogon dunduniya. Karayar ƙwauri: a ja ƙafar a daidaita, a sa katako biyu gefe da gefe da tsumma a tsakani, a ɗaure sama da ƙasan karayar, a riƙa duba yatsu, in sun yi sanyi ko sun yi baƙi ɗaurin ya yi tsanani a sassauta. Maganin zafi ruwan ofiyam ne da ake ɗigawa a ruwa, yana ɗaure ciki, yana kuma kama mutum in aka daɗe ana sha. Mako shida zuwa takwas kafin ya taka, in cinya ce ya kai wata uku. Kun ga an samu dalilin zama tare na watanni ba tare da an yi wa mai karatu ƙarya ba.

Injiniya Tukur: Dakta ta gama magana. Ƙaramin ƙari a kan bindigar: an ba shi Colt ta 1873 mai harsashin kwanso, alhali na farko-farkon da aka ƙera galibi soja suka tafi. Talakan makiyayi a bazarar 1874 ta tsohon yayi zai riƙe, mai ɗurin albarushi, 'yar'uwar bindigar toka sai dai mai ɗaki shida. Kowane ɗaki a zuba albarushi, a sa dalma, a danna da sandan da ke ƙarƙashin baki, a shafe da maiko, a sa hular tartsatsi a baya. In hula ta yi sako-sako ko dalma ba ta matse ba, ɗaki biyu ko uku su tashi lokaci guda. Ba abin da ake sake ɗurawa a kan doki ana gudu ba ne.

Amma in yabi marubucin: gidan ya yi shi daidai. Filin ba itace, don haka da fatar ƙasa ake gini. A sa garma ta yanko saman ƙasa mai saiwar ciyawa, faɗin ƙafa ɗaya, kauri inci huɗu, a datsa ƙafa biyu zuwa uku. A jera kamar tubali, ciyawa tana kallon ƙasa, layi biyu a kauri, kowane sahu na uku a gitta shi don ya ɗaure bangon. Ɗaki mai ƙafa 16 da 20 yana cin kusan eka guda. Ya ma tuna da ratar da ake bari a saman taga a cusa tsumma, saboda bango yana zama a hankali, in ba rata sai gilashi ya fashe. Rufi ne ciwon kai: azara, ƙirare, ciyawa, sai fatar ƙasa a kai. In an yi ruwa sosai, sama ta ɗauke amma ɗaki yana ɗiga kwana biyu ko uku. Yadin akoko da suka ɗaura a ƙarƙashin rufin don tare ƙasa da macizai, haka ake yi. Abin da ya shafi zancenmu shi ne ɗaki ɗaya ne, gado ɗaya, murhu ɗaya da ake hura wa busasshen kashin shanu. Gonar eka 160 kuwa rabin mil ce kowane gefe, wajen mita 800. Sirrin da babu a burtali, nan yake har ya yi yawa.

Anti Laure: To ai a nan ne na ruɗe. Maƙwabciya ta leƙo ta ga gado ɗaya, ta fita da salati, gari ya ɗauka. Na ce to ina zai kwanta, a kan murhu?

Malam Habu: Anti kin taɓo inda littafin ya fi rauni. Gado ɗaya ba abin zargi ba ne a Amurka ta ƙarni na 19. A masauki, baƙi biyu da ba su san juna ba ana haɗa su gado. Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya yi kusan shekara huɗu, daga 1837, yana kwana gado ɗaya da abokinsa Joshua Speed a saman kanti a Springfield, kuma ba ɓoyewa ya yi ba. Maza suna ɗaukar hoto hannu cikin hannu, suna rubuta wa juna wasiƙu masu zafin kalamai. A Kalifoniya ta 1850, lokacin haƙar zinariya, fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka ƙidaya maza ne, har a wajen rawa sai wasu su ɗaura ƙyalle a matsayin mata. Maƙwabciyar nan da idon 2020 aka sa ta kallo.

Sai kalmomi. A babi na goma manomin yana cewa a ransa ya gane ko shi wane iri ne. Wannan tunanin, cewa akwai wani jinsin mutane daban mai suna, bai iso ba tukuna. Kalmar homosexual wani marubuci ne, Karl-Maria Kertbeny, ya fitar da ita da Jamusanci a 1869, ba ta shiga littattafan Turanci ba sai wajen 1892 ta hanyar fassarar littafin likita. Mutumin Kansas na 1874 aiki ya sani, ba iri ba. In ɗan coci ne zai kira shi zunubi, in lauya ne zai ce laifin saɓa wa halitta, yadda dokokin jihohin suka rubuta. Abin da yake ji game da abokinsa kuwa abota zai kira shi, ko ya rasa sunan ba shi. Marubuci mai ƙarfi a wannan rashin sunan zai gina labarinsa.

Malam Isiyaku: A nan na yarda da Malam Habu ta gefe guda. An ce mana manomin mai karatun Baibul ne kullum dare, sai kuma aka wuce da damuwarsa a shafi biyu. Mai imani, ko wane addini yake bi, ba haka yake rabuwa da abin da aka tarbiyyantar da shi a kai ba. Ko don gaskiyar labari ya kamata a ga yana kokawa da ransa.

Malam Habu: Haka ne Malam. An rage nauyin cikin zuciya, an ƙara na waje.

Baban Sadik: Ku dakata, kada a mai da wurin aljanna. Ana ta cewa ba mai zargi, ba mai zargi. A 1878, a sansanin soja na Fort Abraham Lincoln da ke Dakota, wata mai wanki da ake kira Misis Nash, matar wani soja, ta rasu. Matan da suka zo yi mata sutura suka tarar halittar namiji ce. Jaridu suka ɗauka, abokan aikin mijin suka sa shi gaba da ba'a, bai daɗe ba ya harbe kansa. Ba kotu, ba alƙali, baki ne kawai. Saboda haka tsoron da ke cikin littafin ba ƙirƙira ba ne.

Malam Habu: Ban musa ba. Cewa na yi abin da ke tona asiri daban ne da wanda aka rubuta. Kusanci ba ya tonawa, sai an gani ƙuru-ƙuru ko an samu mai neman ka da sharri. Kuma matsayi yana kāre mutum. William Drummond Stewart, ɗan sarautar Sikotilan, ya yi shekaru a taron mafarautan fatu na duwatsun Rocky a shekarun 1830 tare da wani maharbi, Antoine Clement, ya kuma tafi da shi gidansa na Murthly. Masana tarihi da dama suna ganin abin ya wuce ubangida da bara. Ba wanda ya taɓa shi. Mai gonar eka 160 da bashin kanti a wuya ba shi da wannan rigar.

Barista Hadiza: Ku ba ni dama in sa takarda a tsakaninku, don ina ganin ita ce za ta raba gardamar. Dab da ƙarshen littafin akwai taron gari da igiya za a rataye su. Dokokin da suka haramta abin suna nan a lokacin, hukuncinsu ɗauri ne na shekaru, amma shari'a a kan manya biyu da suka yarda da juna ba ta da yawa a yankin, saboda sai da shaida, kuma wanda ya ba da shaida a kan abokinsa ya jefa kansa. Haɗarin gaske yana cikin dokar gonaki ta 1862. Ga yadda take a lokacin: ka kai shekara 21 ko kana da iyali, ka je ofishin filaye ka yi rantsuwa, ka biya dala 10 da ladan jami'i, duka har ƙarshe wajen dala 18. Ka gina gida, ka noma, ka zauna shekara biyar. Ranar karɓar takardar mallaka sai ka zo da shaidu biyu su rantse cewa ka zauna ka noma. Su wa za su rantse? Maƙwabta. In sun juya maka baya, ba shaidu, ba mai taya ka girbi, ba mai ara maka garma, mai kanti ya rufe littafin bashi. Ba sai an nemo igiya ba.

Na biyu, makiyayin ya kama gonar da ke maƙwabtaka. Dabara ce da aka sani, 'yan'uwa da abokai suna yi, wasu har su gina ɗaki a kan iyaka, kowa ya sa gadonsa a gefen gonarsa. Amma doka ta ce in ka bar wurin fiye da wata shida, ka saki. Littafin ya mayar da shi Teksas ya yi kusan shekara. Duk mai kwaɗayin filin zai iya shigar da ƙara ya karɓe. Ga mugu a shirye, mai dalili na kuɗi, marubucin bai gan shi ba, ya je ya ɗauko fasto mai kumfar baki.

Na uku, an sa manomin yana lissafin sauran shekaru uku. Tun 1872 tsohon sojan Arewa ana cire masa shekarun da ya yi a soja daga biyar ɗin, muddin ya zauna aƙalla shekara ɗaya. Wanda ya yi shekara uku a yaƙi ya kama gona a 1872, a 1874 ya isa karɓar takarda.

Baban Sadik: Barista, wannan ya shige ni. To ai ga fāra ma. Ƙarshen Yuli da Agustan 1874 ne fārin dango suka sauka Kansas da Nebraska, suka cinye masara da albasa har cikin ƙasa, suka ci ƙotar fartanya da linzami, rijiyoyi suka ɓaci, jirgin ƙasa yana santsi a kan dogo. Mutane da yawa sun tattara sun koma gabas. Littafin da aka kafa a wannan shekarar, a wannan jihar, bai ambaci fāra ko sau ɗaya ba.

Anti Laure: Haka nan 'yan asalin ƙasar. Burtalin ya ratsa yankinsu, inda ake kira Oklahoma yanzu, amma ko mutum ɗaya ba mu gani ba. Na kuma ji ana cewa su suna da irin 'yan daudunmu.

Malam Habu: Ratsawa kam an ratsa, har kuɗin wucewa wasu ƙabilun suke karɓa a kan shanu, wasu a ba su na yanka. Kuma 1874 ce shekarar yaƙin Red River tsakanin sojan Amurka da ƙabilun Komanci da Kiyowa da Shayan, ana tsakiyar karkashe ɓauna. Batun kamanceceniya kuwa a bi a hankali, Anti. Ƙabilu da yawa suna da matsayi na wanda aka haifa namiji ya ɗauki sutura da aikin mata, kowace da sunanta da ƙa'idarta. We'wha ta ƙabilar Zuni, gwanar saƙa da ginin tukwane, ta je Washinton a 1886 har ta gaisa da Shugaba Cleveland. A wasu wuraren matsayin yana haɗe da ibadarsu, wanda ya sa bai zama ɗaya da abin da muka sani a nan ba. Jami'an gwamnati da 'yan mishan sun yi ta matsa musu su yanke gashi su sa wando. Da an sa ko da shafi biyar na wannan, da makiyayin ya san akwai wata duniyar da take kallon abin daban.

Buba Mai Shanu: Ayarin ma duk farare aka yi su. A hakika akwai baƙaƙen fata da yawa, 'yantattun bayi, da 'yan Meziko waɗanda su ne asalin masu sana'ar. Sirdin, igiyar, har kalmomin aikin daga wajensu aka gada.

Maman Ilham: Saura ƙarshen. Wasu sun rubuto min cewa tsufansu tare a gona ɗaya mafarki ne.

Barista Hadiza: Hajiya, wannan kam ya fi taron igiya kusa da gaskiya. Irin waɗannan littattafan ƙa'idarsu ce a ƙare da daɗi, kuma a nan tarihi bai hana ba. Tuzurai biyu masu gona ɗaya ba baƙon abu ba ne. Ƙidayar 1880 ce ta fara tambayar dangantakar kowa da maigida, kuma za ka ga an rubuta abokin haɗin gwiwa ko ɗan haya, ba mai ƙara tambaya. Inda na tsaya shi ne shafin ƙarshe, da aka ce in ɗaya ya mutu gona ta ɗayan ce. Ba haka kawai ba. Doka ta ce matar mamaci, in babu sai magada ko wanda aka yi wa wasiyya. In ba wasiyya a rubuce da shaidu, ɗan'uwan da bai taɓa taka Kansas ba zai zo daga Ohio da takarda ya sayar da gonar, wanda ya yi shekara talatin yana nomanta ya fita da akwatinsa. Hanya biyu ce: wasiyya, ko bayan takardar mallaka ta fito a sake rubuta filin da sunan su biyun a ofishin gunduma.

Dakta Rabi: Ke nan babin da ya kamata ya sa mu kuka shi ne na tafiya ofishin gunduma, su biyu a amalanke, da dala biyu ta ladan magatakarda.

Injiniya Tukur: In dai bayan ruwa ne su fara gyara rufin kafin su tafi. Wanda aka kwatanta a babi na sha huɗu azara ɗaya gare shi a tsakiya ba ginshiƙi, jiƙaƙƙiyar ƙasa za ta karya shi kafin su dawo.